RANAR DA AKA FAƊA MIKI ABIN DA BA KI SO JI BA

Maganar da zan ɗauko yau irin wadda ake yi ce ƙasa-ƙasa a gindin murhu ranar biki, idan yaro ya gifta a yi shiru, ya wuce a ɗora. Maganar maza masu sha'awar maza ce, da mata masu sha'awar mata, da kuma waɗanda zuciyarsu take karkata ga ɓangarorin biyu. Na san wata tun daga nan za ta ce a'uzubillahi ta rufe littafin. Ki yi haƙuri ki zauna, 'yar uwa, tambaya ɗaya ce tal gare ni. Idan wanda ya zo miki da wannan magana naki ne, ɗanki ko ƙanenki ko ƙawarki ta ƙuruciya, ya tura ƙofa ya ce ga halin da yake ciki, me ya wajaba a kanki?

Mun saba cewa wannan abu na Turawa ne, ko na mutanen Legas, ko kuma wayar hannu ce ta kawo mana shi. To amma 'yan daudu fa? Tun kafin waya, tun kafin talabijin, suna nan a tashoshin mota da kasuwanni daga Kano zuwa Katsina har Maraɗi, suna tuƙa tuwo suna soya kaji, ranar biki a ɗauko su girki saboda hannunsu da daɗi, a zauna ana kwasar dariyar habaicinsu. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009, kuma sunan da ya sa wa littafin daga bakinsu ya ɗauko shi, ma'anarsa Allah ne ya yi mu. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, da yawansu da matansu da 'ya'yansu. Haka kuma akwai mai gemu da babbar riga, murya kamar ta sa, wanda babu mai zarginsa, alhali shi ne yake ɗauke da abin a zuciya. Saboda haka wadda take taƙamar wai ita da ganin tafiyar yaro ta san ko wane ne, ƙarya take yi, kuma da irin wannan sanin nata aka ɓata sunan yara da yawa waɗanda laifinsu kawai sanyin murya da son zama cikin mata.

Yanzu mu zo ga wanda ya buɗe baki da kansa. A ƙasar nan wanda aka fi sani da yin haka a bainar jama'a shi ne Bisi Alimi, Bayarabe, yana ɗalibi a Jami'ar Legas. A 2004 ya zauna a shirin Funmi Iyanda na gidan talabijin na NTA ya faɗa wa duniya cewa shi maza yake so. Abin da ya biyo baya ba daɗi: dangi suka juya masa baya, aka yi ta yi masa barazana, har a 2007 ya bar ƙasar ya tafi Ingila. Wannan a Legas ke nan, garin da kowa harkar gabansa yake yi. Ina ga yaron da yake Kaikai ko Kusada ko Kankiya, inda idan ka yi tari a farkon gari kafin ka kai ƙarshensa an san kana mura? Shi babu talabijin a lissafinsa. Iyakarsa mutum ɗaya, a ɗaki, bayan isha'i. Sau da yawa ma ba uwar yake tunkara ba, balle idan ɗan fari ne da ko sunansa ba ta faɗa. Yayarsa yake nema, ko gwaggo, ko kakar da yake wasa da ita. Ya zauna yana wasa da bakin tabarma, ya ce, "Yaya, akwai maganar da ta hana ni barci shekara da shekaru, don Allah kada ki tsine mini."

Ki san nauyin abin da ya ɗora miki. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka ko ya shiga ƙungiyarsu. Kafin nan kuma, tun shekarar 2000 Jihar Katsina tana cikin jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, inda hukuncin luwaɗi yake iya kaiwa ga jifa. Yaron ya san duk wannan, ya ma fi ki sani, don shi ne yake kwana da shi. Amma ya zo ya faɗa miki. Wuyansa ya ɗauko ya sa a hannunki, kuma Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya.

Na san abin da za ki ce, haramun ne. Ni ba malama ba ce, ban zo ba da fatawa ba, kuma abin da malamanmu suke faɗa a kan aikin kansa sananne ne, babu wadda ba ta ji shi a wa'azi ba. Sai dai abin da yake ba ni mamaki, rabin karatun muke riƙewa mu zubar da rabi. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu, wanda ya tsananta hukunci a kan aikin, shi ne kuma ya ce wanda ya jefi namiji da kalmar luwaɗi ba tare da hujja ba a yi masa haddin ƙazafi, bulala tamanin. Hujjar kuwa shaidu huɗu ne da suka gani da idonsu. Suratul Hujurati ta hana mummunan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kamanta mai gulma da mai cin naman ɗan uwansa matacce. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Ma'izu, wanda ya kai kansa gaban Manzon Allah (S.A.W.) da laifin zina, da yadda Annabi ya nuna wa Hazzalu, mutumin da ya ba shi shawarar zuwa, cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. To ki lissafa mini, sau nawa a wuni ake jifan yara da wannan kalma a layinku, a bakin rijiya, a filin ƙwallo? Da ana tsayar da wancan haddi, da bayan mutane da yawa ya sha bulala, har da wasu masu carbi a hannu.

Kuma wannan katanga ta shaida ta yi aiki a nan jiharmu. A 2005 an gurfanar da wasu maza biyu a kotun shari'a a birnin Katsina da wannan tuhuma, suka yi watanni a tsare, daga ƙarshe alƙali ya sallame su saboda babu wanda ya iya cewa ya gani. Mu mata ya kamata mu fi kowa gane darajar wannan. Amina Lawal ta Kurami, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ce ta wanke ta a Satumban 2003, saboda ba a bi ƙa'idar tabbatar da laifi ba. Da taron gari aka bar wa hukuncinta, da 'yarta ta tashi marainiya.

Taron gari kuwa mun ga aikinsa. A Janairun 2014 mutane suka yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu, wai alƙali yana jan ƙafa, a ba su waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Wata guda bayan nan a Gishiri, cikin Abuja, aka bi gida-gida da dare aka fito da samari fiye da goma daga ɗakunansu ana dukansu da sanduna. Wa ya ga me? Oho. An ce ne, wani ya ji an ce. Idan kina ganin wannan bai shafe ki ba, ki tuna Maris ɗin 2025 a Uromi ta Jihar Edo, inda aka tare mafarauta 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su aka ƙone. Duk Arewa muka yi kuka muka ce ina bincike, ina kotu, ina shaida? Tambayar nan ba ta canjawa don an canja sunan laifin.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu, mu mata, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Idan asirin yaro ya fito a cikin gida, shawarar farko da manya suke yankewa ita ce a yi masa aure. Wai idan ya ɗanɗana zai warke. Sai a duba cikin dangi a samo yarinya mai haƙuri, 'yar ƙanen uba ko 'yar gwaggo, wadda ba za ta yi surutu ba, 'yar shekara goma sha bakwai ko sha takwas, a haɗa lefe akwati shida, a yi kamu a yi wuni, a kai ta da guɗa. Kowa a cikin manya ya san dalilin gaggawar, ita kaɗai ce ba ta sani ba. An mayar da ita magani ke nan, kamar saiwar da aka jiƙa a ƙwarya, ba a tambaye ta ba.

Sai zama ya fara. Miji ba ya dukanta, ba ya zaginta, cefane ba ya yankewa, amma tsakaninsu kamar wa da ƙanwa. Ta yi lalle, ta yi kitso, ta turara ɗaki, ya shigo ya ce sannu da aiki ya juya wa bango fuska. Ta fara tuhumar kanta: ko ni ce ba ni da kyau, ko wari nake yi, ko asiri aka yi mana? Ta kwashe 'yan kuɗin adashinta ta kai wa masu kayan mata, ta sha tsumi ta sha gumba, ta karɓo rubutu. Ta kai kuka gida a ce mata, "Ke dai ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, me kika rasa, ci ko sha?" Kunya ba za ta bar ta ta faɗi abin da ta rasa ba. Shekara biyu babu ciki, uwar miji, wadda ta fi kowa sanin gaskiya, ta fara yi mata habaicin juya. Haba jama'a! Wannan wane irin zalunci ne? Shi ma mijin ba daɗi yake ji ba, kullum yana kallon baiwar Allah da aka cuta da sunansa, ga tsoro ga nauyin zuciya. An tashi rufa asirin mutum ɗaya an jefa mutum biyu a rami, kuma idan aka dace aka haihu, su zama uku ko huɗu.

Ba a warkar da wannan abu da aure, domin likitocin duniya ma ba su ɗauke shi cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa tun ranar 17 ga Mayu, 1990. Duka ma ba ya cire shi, mari da sarƙa ba sa cire shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a gidajen da ake kira na gyaran tarbiyya, a Rigasa ta Kaduna da Daura da cikin Katsina: yara da manya cikin mari, jiki duk tabo, wasunsu suna ba da labarin an yi lalata da su a can ɗin. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda laifuffuka iri-iri. Duk wanda ya ce miki ya san inda za a kai ɗanki a gyara shi, ki tuna waɗannan hotuna.

Akwai kuma wadda ta riga ta shiga, ta yi shekaru da 'ya'ya, sannan ta gano mijinta yana son ta kuma yana neman maza a waje. Wannan ba zan ce mata ta haɗiye ta yi shiru ba, don an ci amanarta, kamar yadda za a ci amanarta da mace yake bi. Tana da haƙƙin ta zaunar da shi ta tambaye shi, tana da haƙƙin ta ce sai sun je asibiti an gwada jininsu su biyun, tana da haƙƙin ta ce ba za ta iya ba a sawwaƙe mata, ko ta nemi hul'i a gaban alƙali. Abin da nake roƙonta kawai, ta fita da mutuncinta ba tare da ta tara masa unguwa ba, don uban 'ya'yanta ne, kuma sunan da ta kira shi da shi a tsakar gida shi za a riƙa kiran 'ya'yanta da shi a makaranta. Batun asibitin nan ma akwai abin lura. Wani bincike da aka yi a Abuja a kan maza kimanin 700 masu neman maza, aka buga a 2015, ya nuna cewa masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga 25 cikin 100 zuwa 38 cikin 100 bayan dokar 2014. Namijin da tsoro ya hana shi gwajin ƙanjamau, idan yana da mata, gadon wa zai koma da dare? Tsangwamar da muke gani kamar kariya ce gare mu, ta bayan gida take zagayowa ta same mu.

'Yan mata ma ba su tsira ba. Kalmar maɗigo ta zama wuƙar da ake sokar juna da ita a makarantun kwana da tsakanin kishiyoyi. Ƙawaye biyu sun shaƙu, suna kitso tare suna cin abinci kwano ɗaya, sai wata mai jin haushi ta saki magana, kafin wata ya zagayo an fasa auren ɗaya, an cire ɗaya daga makaranta. Masu yaɗawa su ce ai ruwa ba ya tsami banza. Yana yi mana, idan wani ya zuba masa tsamiya da dare. Wadda kuma da gaske haka zuciyarta take, halinta ya fi na namiji tsanani, don shi yana iya shiga mota ya tafi Kano ko Abuja da sunan neman kuɗi, ita kuwa daga ɗakin uwarta sai ɗakin mijin da aka zaɓa mata.

Kada a haɗa wannan magana da ta masu lalata da ƙananan yara. Babban da ya taɓa yaro ko yarinya, ko malami ne ko kawu ne ko mai unguwa, wannan fyaɗe ne, babu rufin asiri a cikinsa, a kai yaron asibiti a kai maganar ga hukuma. Abin takaici, sau da yawa a nan ne muke yin shiru don kada sunan gida ya ɓaci, sannan mu tashi da ƙarfinmu a kan saurayin da bai cuci kowa ba.

Uwargida ba za ta ɗauki allo ta hau titi ba, kuma ba wanda ya ce ta yi. Nata fagen yana tsakar gida. Ana zaune ana tsinke zogale aka ɗauko sunan ɗan wance, ki ce, "Ke kin gani da idonki?" Za a yi miki wani kallo, wata ma ta ce ko dai akwai naki a ciki. Ki jure, zancen dai ya mutu a nan. An turo miki bidiyo a WhatsApp an tuɓe wani ana duka, kada ki tura gaba, ki goge, don shi ma uwa ce ta haife shi, kuma wataƙila wayarta irin taki ce. Yaronki ya dawo daga wasa yana kiran wani ɗan daudu, ki tsawata masa kamar yadda za ki yi idan ashar ya yi.

Shi kuwa wanda ya tura ƙofa ya faɗa miki, ba lalle ki sami amsa a daren ba. Kuka zai zo miki, ki yi abinki. Amma ki riƙe harshenki daga tsinuwa, bakin uwa da na yaya ba abin wasa ba ne, kuma magana zarar bunu ce. Kada ki ce ya fita ya bar miki gida. Yaran da aka kora ba shiryuwa suke tafiya yi ba, tasha suke komawa, su kwana a rumfar mai shayi, su faɗa hannun wanda zai ba su abinci da sharaɗi, ko masu yaudararsu ta waya su tsare su suna neman kuɗin rufe baki, wasu kuma su sha abin da za su sha don su huta gaba ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun da shi yake ɗebo miki ruwa, da shi ya kai ki asibitin Kankiya ranar da ciwo ya tashe ki da dare. Ki tambaye shi ko akwai mai yi masa barazana, ko akwai wanda ya tilasta masa wani abu yana ƙarami, ko ya taɓa tunanin hallaka kansa. Idan ya ce e ga ta ƙarshen, kada ki bar shi ya kwana shi kaɗai.

Sauran maganar maigida. Ke kika san mijinki ko mahaifinku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai uban da zai yi shiru kwana uku sannan ya kira yaron su yi magana, akwai kuma wanda kafin ki rufe baki ya ɗauko taɓarya. Idan na biyun ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma maganar ta yaron ce, shi zai ce a faɗa ko a bari. Amma ranar da kika ji an fara zancen a nema masa 'yar gwaggonsa, a nan kam sai ki buɗe baki ki ce a dakata, ko da ba za ki faɗi dalili ba. Ki ce yaron bai shirya ba, ki ce yarinyar ta gama karatunta tukuna, ki sa kakarsu ta shiga maganar idan taki ba ta isa ba, har dai a mayar da goron.